Kukan Igiya

Shekara ashirin da biyu ina ɗaure jirage
a tashar ruwan Valparaiso.
Igiyar ƙarfe ta san tafina, ni ma na san halinta.
Ranar da ta tsinke ba ta yi sallama ba,
ta tafi da damata daga gwiwa,
ta bar mini hannun riga yana lilo.

Hunturu biyu na yi a kan tudu
ina ƙirga jiragen da wani zai ɗaure.
Maƙwabta su kawo romon kifi, su haɗo da tausayi,
tausayin ya fi romon gishiri.
'Yata Yasna ta gaji da ganin ƙeyata a taga,
ta ce, "Baba, akwai ofishin da ake auna mutum."
Na ce, "Likita ya riga ya auna,
ya rubuta abin da babu."

Sunan matar Eliana Painemal,
gajera, tabarau rataye a wuya.
Ba ta ƙura wa hannun rigar ido ba,
ba ta kuma kauce masa ba.
Ta ajiye tire: kusoshi, noti, allo mai ramuka,
ta danna agogo.
Hagu, wadda duk rayuwarta 'yar rakiya ce,
ta kama kyarma kamar an kira ta gaban alƙali.
Noti ya gangara ƙarƙashin tebur.
Na ce, "Rubuta, ya faɗi."
Ta ce, "Nibaldo, nan ba makaranta ba ce.
Na rubuta aikin yatsu ba naka ba ne.
Ƙofa ɗaya ke nan
da ba za ka ƙarar da takalmi a bakinta ba."

Washegari ɗaukar kaya, hawan bene, lissafi,
minti nawa nake tsayuwa kafin baya ya kai ƙara.
Sai tambayoyi:
hayaniya ko shiru, jama'a ko kaɗaici,
wane aiki ne ke mantar da kai abinci?
Tun da uwata ta haife ni
ba wanda ya taɓa tambayata haka.
Na koma gida da haushi, ban san na mene ne ba.

Rana ta uku taga a buɗe take.
Taragon nan da igiya ke ja zuwa kan tudu
yana hawa da 'yan makaranta da wata mai kwandon burodi.
Ina cike takarda da rubutun kaza,
bakina ya suɓuce:
"Waccan igiyar tana kuka.
Sili ɗaya ya karye, kusa da gargare."
Ta ajiye biro.
"Daga nan ka ji?"
Na ce, "Wanda maciji ya sara ai ya san motsin ciyawa."

Ba ta tafa ba.
Ta rufe mini ido da gyalenta,
ta kunna sautin injina bakwai,
na ware marasa lafiya uku, na yi kuskure a ɗaya.
Kuskuren ma ta rubuta.

Wata takwas na yi ina koyon abin da kunne bai sani ba:
na'urar awo, dokoki, rahoto da hannun hagu.
Wuri biyu sun ga hannun rigar kafin su ga takardar.
Na uku ya karanta.

Albashin bai kai na tasha ba, ba zan ɓoye ba.
Amma ƙarfe shida na safe, kafin fasinjan farko,
ina tsaye a ɗakin inji, fitila a goshi,
igiya na wucewa a gabana sannu, kamu bayan kamu,
ni da ita, tsofaffin abokan gaba.
Tana magana, ina saurare.
Jiya Yasna ta hau da jikana a kafaɗa,
ba ta ko kalli sama ba.